Yadda Ake Haɗa Shirin Bishara na Rediyo Idan Abokan Aiki Suna Warwatse

Haɗa shirin bishara daga nesa tsohon aiki ne a wurinmu. Gidan rediyon ELWA, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, yana da ɗakin naɗar murya a Jos a wancan zamani. A can ake naɗar shirin Hausa a tef, a aika da shi Laberiya, sannan ya dawo wa mai sauraro ta gajeren zango. Haka ma Muryar Bishara ta Jos, tef ɗinta Addis Ababa yake tafiya, inda tashar Lutheran ta yi aiki daga 1963 har 1977, shekarar da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace ta. Iyayenmu sun yi wannan aiki da jirgin sama da gidan waya. Mu yau muna da wayar hannu da intanet, abin da yake ɗaukar makonni ya koma na mintoci, amma duk da haka na sha ganin ƙungiya ta fara shiri da zafinta, kafin wata uku ya mutu. Abin da zan shimfiɗa a nan daga aikinmu na koye shi: ni ina Jos ina tacewa, mai bishara ɗaya yana wani ƙauye a jihar Maraɗi, mawaƙanmu suna kudancin Katsina, wani dattijon ɗan mishan kuma da ya yi ritaya yana taimaka mana daga Kanada.

Mataki na farko: ku ba na kusa da mai sauraro ragamar magana

Wannan shi ne tushen komai, kuma a nan aka fi yin kuskure. Abin da aka saba shi ne mai kwamfuta da kuɗi, wanda yawanci yana birni ko ƙasar waje, shi yake rubuta koyarwa, na ƙauye kuwa a ba shi ya karanta. Ku juya wannan tsari. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mai bisharar da yake zaune cikin mutane shi ya san abin da ya hana su barci a wannan mako: tsadar taki ne, ko ƙyanda ta shigo gari, ko samari sun tafi cirani sun bar mata da yara.

Dattijon nan namu ya taɓa aiko da rubutu a kan tunkiyar da ta ɓata, labarin da yake cikin Luka sura 15. Koyarwar ba ta da aibu, amma misalin da ya buɗe da shi na mutum ne da ya yar da katin banki. Mai bishararmu ya aiko da saƙon murya da daddare, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, mutanen nan ba su riƙe kati. Amma kowa a garin nan ya san yadda cikin mace yake ɗurar ruwa idan akuyarta ba ta dawo ba har magariba, ga ranar kasuwa ce." Dattijon ya amsa, "Malam, kai ka rubuta, ni in duba maka ayoyin." Tun daga ranar muka zauna a kan wannan tsari, kuma daga nan ne masu sauraro suka fara kiran lambar wayarmu.

Saboda haka, kafin komai, ku zauna ku siffanta mutum ɗaya da kuke yi wa magana. Mace ce ko namiji? Yana karatu? Mai bi ne da ba shi da majami'a kusa, ko maƙwabci ne Musulmi da rediyonsa ya faɗo kan shirin? Ƙarfe nawa yake kunna rediyo? Manomi da damina ba ya gida da hantsi, sai bayan magariba. Ku rubuta wannan a shafi ɗaya, kowa ya riƙe.

Mataki na biyu: a raba aiki, a naɗa mutum ɗaya mai tsayar da magana

Ana bukatar mai rubutu, mai duba koyarwa, mai gabatarwa, mai tacewa, da mai amsa masu sauraro. Mutum ɗaya yana iya riƙe biyu. Amma dole a sami furodusa guda wanda shi kaɗai zai ce shiri ya kammala. Idan kowa yana da ikon cewa a sake, shiri ba zai taɓa fita ba.

Ku kuma tsayar da agogo ɗaya. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya ne, amma Akara tana bayan Kano da awa ɗaya, Khartum tana gabanta da awa ɗaya, Toronto kuma tana baya da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara. Mu duk alƙawarinmu da agogon Kano muke yinsa. Taro ɗaya a mako ya isa, na rabin awa, a buɗe da addu'a. Sauran magana a yi ta da saƙon murya, don wanda sabis ɗinsa yake zuwa yana ɗaukewa ya saurara lokacin da ya samu.

Akwai wani abu da ake jin nauyin faɗa, bari in faɗe shi. Wanda yake ƙauye shi ya fi kowa kashe kuɗi: data, cajin waya, man babur zuwa inda sabis yake. Ku sa wannan cikin kasafi tun farko, ku saya masa ɗan faifan sola da katin mimori mai kyau. Kada a bar shi yana ciro kuɗin aikin daga bakin 'ya'yansa yana shiru saboda kunya.

Mataki na uku: ku nemi tasha kafin ku naɗi komai

A Najeriya dokar da ta kafa NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, a 1992 ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisin gidan rediyo. Hanyar da ta rage ita ce sayen lokaci a tashar da take aiki, ta gwamnati ko mai zaman kanta, kuma ƙa'idojin hukumar sun hana shirin addini ya ci mutuncin wani addini. A Nijar akwai ƙananan gidajen rediyon karkara da yawa, kowanne da tsarinsa, sai mutuminku na wurin ya je da ƙafarsa ya gaisa da shugaban tashar. Akwai kuma tashoshin mishan da suke watsowa daga waje, kamar TWR da take watsa shiri daga Jamhuriyar Benin a matsakaicin zango, a kan 1566, tun 2008. Matsakaicin zango ya fi tafiya nesa da dare.

Ku tambayi tashar abu huɗu, a rubuce: tsawon shiri daidai har daƙiƙa, irin fayil ɗin da suke karɓa, ranar da suke son ya iso, da sunan wanda zai karɓa. Filin minti 15 ba ya nufin minti 15 cif. Yawanci minti 14 ko 14 da rabi ake so, don su sami wurin faɗin sunan tasha da talla. Idan kuka wuce, ƙarshen shirin za a datse, kuma a nan lambar wayarku take.

Mataki na huɗu: rubutu, wanda kunne zai karɓa

Ga yadda muke raba minti 14: taken shiri rabin minti, gaisuwa minti 1, karatun Littafi Mai Tsarki minti 2, koyarwa minti 6, waƙa minti 3, addu'a da lambar waya minti 1 da rabi. Ba doka ba ce, amma ku lura da koyarwar: minti 6 kawai. Wa'azin majami'a na minti 40 ba ya shiga rediyo ta hanyar datsewa, sai an sake gina shi a kan magana ɗaya tak. A majami'a mutum yana jin kunyar tashi ya fita. Mai rediyo ɗan yatsa kawai zai murɗa.

Mai gabatarwa ya auna kansa da agogo. Namu yana karanta kalma 130 zuwa 140 a minti, don haka koyarwarsa ba ta wuce kalma 850. A rubuta gajerun jimloli, a maimaita jigon sau uku da kalmomi daban-daban, a yi magana da mutum ɗaya: "kai da kake saurarona", "ke da kike tuƙa tuwo yanzu". Gaisuwa kuma kada a yi mata rowa. Bahaushe ba ya buɗe wa wanda bai gaishe shi ba ƙofa, ko a rediyo ne. A tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi ruwa in damina ce, a yi sannu da sanyi in hunturu ne.

Sai batun kalmomi, inda ya kamata ku daɗe kuna shawara. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, kuma an yi wasu fassarori bayansa. Ba su zo ɗaya a sunaye ba: wata ta ce Yohanna, wata ta ce Yahaya. Ku zaɓi fassara ɗaya ku tsaya a kanta, ku nemi izinin karanta ta a iska daga masu haƙƙinta. Haka sunan Almasihu: ikilisiya ta saba da Yesu, maƙwabci ya saba da Isa. Ku yanke shawara gwargwadon mutumin nan da kuka siffanta, kada mai gabatarwa ya faɗi wannan yau gobe ya faɗi wancan ba tare da bayani ba. Kalmomi irin su "barata" da "fansa" da "alheri" a ma'anarsu ta ikilisiya, mu da muka tashi a ciki muna ganin kowa ya gane su. Ba haka ba ne. A fassara kowacce da misali daga gona ko kasuwa ko kotun alƙali. Akwai kuma maganganun da suke da nauyi ƙwarai a kunnen Musulmi, irin "Ɗan Allah". Ba a ɓoye bangaskiya, amma ba a jefa irin wannan magana a wuce. A tsaya a bayyana abin da ake nufi da abin da ba a nufi, cikin ladabi.

Karin harshe ma yana da nasa. Yaro a Maraɗi "lakwal" yake zuwa, kuɗinsa sefa ne. Idan tashar da za ta watsa a Nijar take, kada a cika shirin da naira da Hausar birnin Jos. Ɗan mishan baƙo da ya koyi Hausa, komai ƙwarewarsa, ya bari ɗan ƙasa ya saurare shi kafin a naɗa. Tsakanin "ƙasa" da "kasa", ko "ɓata" da "bata", harafi ɗaya ne, amma ma'ana ta riga ta tafi wani gari. Rubutun boko kuma ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke kama ɗaya a takarda. Ni dai ra'ayina shi ne muryar shiri ta zama ta ɗan ƙasa, baƙo ya shigo a matsayin wanda ake hira da shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

A ajiye rubutun a wuri ɗaya da kowa zai gani, kamar Google Drive. Wanda ba shi da kwamfuta ya rubuta da biro, ya ɗauki hoton takardar ya turo. Mai duba koyarwa a ba shi kwana biyu. In bai yi magana ba, an wuce.

Mataki na biyar: naɗar murya

Ɗaki ya fi na'ura muhimmanci. Waya mai sauƙin kuɗi a ɗaki mai kyau ta fi makirfo mai tsada a ɗakin da yake amsa-kuwwa. Majami'a da babu kowa a ciki, mai daɓen siminti da rufin kwano, ita ce wuri mafi muni. Ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ko azara, wanda yake da gado da katifa da kaya a rataye, ya fi ko'ina. Mai bishararmu a ɗakin matarsa yake naɗa. Yana rataya bargo a ƙofa, ya shimfiɗa tabarma biyu a ƙasa, ya jingina katifar yara a bangon da yake fuskanta, ya ɗora wayar a kan matashi bisa turmi da aka kife. Ƙarfe goma na dare yake farawa, bayan injin niƙa ya yi shiru, kafin zakaru su fara. Ku tafa hannu sau ɗaya a ɗakin: in kun ji sautin ya yi wutsiya, a ƙara tufafi a bango.

A rufe layin wayar gaba ɗaya kafin a fara, don kira ɗaya yana ɓata naɗi. Tsakanin baki da makirfo a bar taƙi ɗaya, a ɗan karkatar da shi gefe don iskar "f" da "b" kada ta buge shi. Safa mai tsabta da aka sa wa makirfo tana rage wannan. A kashe fanka, ko da zafi. Kada a riƙe takarda mai ƙara a hannu, a shimfiɗa shafukan a gaba. A manhajar naɗa, a zaɓi WAV in akwai, a kan 44.1, hanya ɗaya ta sauti ta isa ga murya. Ma'aunin ƙarfi ya riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6, kada ya taɓa ja. Murya da ta yi ƙasa ana ɗaga ta, wadda ta fashe ba ta da magani.

Abu biyu ƙanana da suke sauƙaƙa wa mai tacewa: a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 30 kafin a fara magana, domin da shi ake cike giɓi da rage ƙugi. In an yi tuntuɓen harshe kuma, kada a tsayar da na'ura. A tafa hannu sau ɗaya, a numfasa, a sake jimlar daga farkonta. Tafin yana fitowa kamar tsini a allon kwamfuta, nan take mai tacewa zai gan shi.

Idan hira za a yi tsakanin mutum biyu da suke nesa, kada a naɗi kiran wayar kansa, sautinsa ba ya da kyau. Kowa ya yi amfani da waya biyu: ɗaya ta kira, da abin ji a kunne, ɗaya ta naɗar muryarsa shi kaɗai. Daga baya mai tacewa ya jera tambaya da amsa, sai ka rantse a tabarma ɗaya suke zaune.

Waƙa kuwa, ku naɗi taku. Zumuntar mata a kowace ikilisiya suna da waƙoƙin da suka tsara da kansu, kuma su ne suka fi shiga zuciya. A naɗe su a waje, a inuwar bishiya, da safe kafin iska ta tashi. Makirfo ya kusanci mai ba da waƙa, masu amshi su yi rabin da'ira a bayanta, masu tulu da ganga a matsar da su baya sosai, in ba haka ba kiɗa zai haɗiye kalmomin. A nemi izininsu, a gaya musu tashar da za a sa. Waƙar wani mawaƙi da aka sauke daga intanet ba a sa ta sai da yardarsa.

Mataki na shida: aikawa da sa wa fayil suna

Saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti, don haka bai dace da shiri ba. A tura naɗin a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu. WAV mai hanya ɗaya yana cin kusan megabayit 5 a minti. In data ta yi wuya, a mayar da shi MP3 a kan 128, wanda yake cin kusan megabayit 1 a minti. Inda sabis babu sam, katin mimori a cikin ambulan a hannun direban da aka sani har yanzu yana aiki, amma a bar kwafi a gida.

Sunan fayil ya ƙunshi lambar shiri, sashe, da kwanan wata, misali 027-koyarwa-14Maris. Wannan da ciwo muka koye shi. Wata rana fayil biyu suka tafi tasha, ɗaya "sabo", ɗaya "na ƙarshe". Wanda ba a tace ba aka sa. Mutanen gari guda suka ji mai bishararsu yana tari yana cewa a sake. Shi ne ya shiga kasuwa washegari, shi ya ɗauki kunyar, alhali laifin tsarinmu ne. Tun daga nan furodusa kaɗai yake tura wa tasha, fayil ɗaya, da kalmar ISKA a ƙarshen sunan.

Mataki na bakwai: tacewa da gwaji

Manhajar Audacity kyauta ce, kuma ta isa. A cire kurakurai, a rage ƙugi kaɗan-kaɗan, don in aka matsa murya takan koma kamar daga cikin randa take fitowa. Kada a cire kowane numfashi, mutum ne yake magana. A daidaita ƙarfin murya da na waƙa, mai sauraro kada ya riƙa ƙarawa yana ragewa. Kiɗan da yake ƙarƙashin magana a yi ƙasa da shi ƙwarai, ko a cire.

Sannan a yi gwajin da ya fi kowanne: a saurari shirin a ƙaramar rediyo mai cin mimori, irin ta kasuwa, a tsakar gida, yara suna wasa. A nan mai sauraronku yake, ba ya sanye da abin ji mai tsada. A mayar da shirin ga na ƙauye ya kunna wa mutum biyu ko uku da ba sa cikin aikin, ya tambaye su, "Me kuka ji an ce?" In abin da suka maimaita ya saɓa wa jigonku, a koma kan rubutu.

Mataki na takwas: ku cika rumbu

Kada ku fara fita iska sai kuna da shirye-shirye 6 a ajiye, kammalallu. Zazzaɓi zai zo, waya za ta faɗa ruwa, za a yi rasuwa, sabis zai ɗauke na mako guda. Ku ajiye biyu da ba su da alaƙa da wani lokaci na shekara, don ranar da komai ya tsaya. Na Kirsimeti a gama shi a Nuwamba, na Ista tun kafin azumin ikilisiya ya yi nisa. Kowane shiri a ajiye shi a wuri biyu.

Mataki na ƙarshe: wanda zai ɗaga waya

A faɗi lambar waya sau biyu, a hankali, da lambar ƙasa in shirin yana tsallake iyaka. Yawancin masu sauraro filashin za su yi, don haka a ware kuɗin kati na kiran su. A sami mace da za ta amsa wa mata. A riƙe littafi na tambayoyin da suke zuwa, domin daga cikinsa shirye-shiryen wata mai zuwa za su fito.

A nan kuma ake bukatar taka-tsantsan mafi girma. Akwai wuraren da kiran shirin bishara kaɗai yana iya jawo wa mutum kora daga gida, ko abin da ya fi haka. Kada a faɗi sunan mai kira ko ƙauyensa a iska sai da izininsa, kuma ko ya yarda, na kusa ya auna. Kada a zuba lambobin masu sauraro a zauren WhatsApp na ƙungiya. Abokin aiki da yake ƙasar waje, in zai rubuta wa masu tallafa masa labari, ya cire suna da hoto da sunan gari. Shi yana nesa, wanda zai kwana a garin yana nan.

Ɗan'uwa, in har ba ku tanadi mutumin da zai mayar da kira cikin kwana biyu ba, wanda ya san Littafi, ya san ladabin magana, ya kuma iya riƙe asiri, to ku dakata da faɗin lambar a iska sai kun same shi.